Ajiyar da Ba a Gwada Ba: Kundin Sauye-sauye, Ajiyar Ko-ta-kwana da Farfaɗo da Rumbun Bayanai

Tsakure

Kayan aikin manazarcin Hausa sun fara ƙaura daga kabad da akwati zuwa rumbunan bayanai na kwamfuta, tun daga jerin rubuce-rubucen ajami da matanin waƙoƙin baka har zuwa kundayen digiri da sakamakon ɗalibai. Wannan maƙala ta bayyana yadda uwar garken da ke riƙe da irin wannan rumbu take kare abin da aka damƙa mata. An dubi kundin sauye-sauye, da ire-iren ajiyar ko-ta-kwana, da yadda ake maido da rumbu bayan ya lalace. An ɗauki manhajar PostgreSQL a matsayin abin misali, sannan aka bi diddigin abin da ya sami kamfanin GitLab a shekarar 2017. Maƙalar ta tsaya a kan cewa ajiya ba ta cika ajiya ba har sai an maido da ita an ga tana aiki.

Fitilun kalmomi: rumbun bayanai, uwar garke, kundin sauye-sauye, ajiyar ko-ta-kwana, farfaɗowa

1.0 Gabatarwa

Takarda tana lalacewa ne a hankali. Gara ta ci gefe, ruwa ya taɓa wasu shafuka, tawada ta kwanta, amma sau da yawa akan sami abin da ya rage a karanta. Rumbun bayanai ba ya yin irin wannan ciwo mai jinya. Aikin shekara goma yana iya tafiya cikin daƙiƙa biyu, kuma abin da ya rage ba lallai ya karantu ba. Wannan ne ya sa kula da uwar garke ya zama fanni mai zaman kansa, wanda bai kamata malamin harshe ya bar wa ma'aikacin sashen kwamfuta gaba ɗaya ba tare da sanin tambayoyin da zai yi masa ba.

Abin da ake nufi da rumbun bayanai a nan shi ne tarin bayanai da aka tsara cikin jadawali masu alaƙa da juna, bisa tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970. Uwar garke kuwa ita ce kwamfutar da rumbun yake zaune a kanta, tare da manhajar da ke karɓar buƙatun masu amfani tana amsa su. Ajiyar ko-ta-kwana ita ce kwafin da ake killacewa domin ranar da asalin ya salwanta. Kowane aiki guda da ake so ya kammala gaba ɗaya ko kuma kada ya auku sam, an kira shi ma'amala a wannan maƙala. Misalinta shi ne cire kuɗi daga wani asusu a zuba a wani: bai halatta a cire ba a zuba ba.

2.0 Kundin Sauye-sauye

Domin a fahimci amfanin wannan kundi, sai an fara sanin cewa uwar garke ba ta rubuta kowane sauyi a faifan ajiya nan take. Faifai yana da nawa idan aka kwatanta shi da ƙwaƙwalwar wucin-gadi ta kwamfuta. Saboda haka PostgreSQL takan ɗauko bayanai shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 8, ta yi gyaran a cikin ƙwaƙwalwa, ta jinkirta mayar da shafin faifai zuwa wani lokaci. Matsalar ita ce, ƙwaƙwalwar wucin-gadi tana mance komai da zarar wuta ta ɗauke. Idan haka ta faru, wasu shafukan sun riga sun isa faifai, wasu ba su isa ba, wani ma an yanke shi rabi da rabi. Rumbun ya zama bai san matsayin kansa ba.

Maganin da masana suka samo yana kama da abin da ɗan kasuwa mai tsari yake yi. Yana da babban littafi wanda kowane abokin ciniki yake da shafinsa, amma a tsakiyar hada-hada ba ya tsayawa neman shafin kowa. Yana da ƙaramin littafi a gefe, inda yake rubuta duk abin da ya shiga ko ya fita bi da bi, layi bayan layi, kafin ya miƙa kaya. Da yamma sai ya zauna ya kwashe abin da ke ƙaramin ya shigar a babban. Ko da wani abu ya katse shi yana tsakiyar kwashewa, ƙaramin littafin zai nuna masa inda ya tsaya.

Kundin sauye-sauye shi ne wannan ƙaramin littafi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a taɓa shafin bayanai a faifai sai an riga an rubuta bayanin sauyin a kundi, kuma ba a ce wa mai amfani ma'amalarsa ta kammala sai rubutun kundin ya zauna a faifai daram. Da yake ana rubuta kundin ne a jere, ba tare da tsalle daga wannan wuri zuwa wancan ba, yin hakan yana da sauri. PostgreSQL ta fara amfani da wannan tsari a sigarta ta 7.1 a shekarar 2001, kuma tana yanka kundin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa megabayit 16 idan ba a sauya ma'aunin ba.

Da za a bar kundin ya yi ta tsawo, da farfaɗowa ta riƙa ɗaukar kwanaki. Shi ya sa uwar garke take yada zango lokaci-lokaci: ta kwashe duk shafukan da aka sauya a ƙwaƙwalwa ta rubuta su a faifai, sannan ta sa alama a kundi cewa duk abin da ya gabaci nan ya isa masauki. A PostgreSQL ana yin haka duk bayan minti 5, ko kuma idan kundin ya kai wani girma. Idan wuta ta ɗauke aka sake kunna na'ura, manhajar takan koma zango na ƙarshe ta maimaita duk abin da kundin ya nuna daga nan zuwa gaba, ba tare da wani ya sa mata hannu ba.

Sanannen bayani a kan wannan hanya shi ne tsarin ARIES, wanda C. Mohan da abokan aikinsa na IBM suka wallafa a 1992. Sun kasa farfaɗowa mataki uku: a bincika kundi a gano ma'amalolin da suke kan hanya lokacin da aka katse, a maimaita duk abin da ya auku, sannan a warware waɗanda ba su kammala ba. Injin InnoDB na manhajar MySQL yana riƙe da kundin maimaitawa da na warwarewa duka biyu. PostgreSQL ba ta bin mataki na uku, domin ba ta goge tsohon layi idan an yi gyara. Takan rubuta sabo ne a gefensa, kuma duk layin da ma'amalarsa ba ta kammala ba sai a ƙi nuna shi ga kowa har a share shi daga baya.

Duk wannan gini ya dogara ne a kan gaskiyar faifai. Manhajar takan umarci faifai ya tabbatar da rubutu, ta jira amsa. Akwai faya-fayai masu araha da kan amsa cewa sun rubuta alhali abin yana cikin 'yar ƙwaƙwalwarsu tukuna. A inda wuta take da tabbas wannan ƙarya kan daɗe ba ta tonu ba. A harabar jami'ar da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta sau da dama a yini, kowace ɗaukewa gwaji ce, kuma na'urar riƙe wuta ta batir ta zama wani sashe na rumbun kansa.

2.1 Kundin Rahoto

Turanci yana kiran wani kundi na daban da suna ɗaya da na sama, sunan da ya samo asali daga littafin da matuƙan jirgin ruwa suke rubuta tafiyarsu. Ya kyautu Hausa ta raba su. Kundin sauye-sauye na na'ura ne, ita ke rubutawa ita ke karantawa. Kundin rahoto kuwa domin mutum ake rubuta shi: wa ya shiga, daga ina, wace tambaya ce ta daɗe ba ta sami amsa ba, wane kuskure ya auku da ƙarfe nawa. Ba a maido da bayanai da shi, amma shi ke faɗin lokacin da ɓarna ta fara, kuma za a ga nan gaba cewa sanin wannan lokaci shi ne rabin aikin. Aibinsa ɗaya: idan ba a riƙa rage tsofaffin ba yakan cika faifai, kuma rumbun da faifansa ya cika tsayawa yake yi cak.

3.0 Ajiyar Ko-ta-kwana

Kundin sauye-sauye yana maganin ɗaukewar wuta, amma ba ya maganin mutuwar faifai, ko gobara, ko sata, ko kuskuren hannu. Idan ma'aikaci ya ba da umarnin share jadawali, uwar garke za ta rubuta umarnin a kundi da kyau, ta aiwatar da shi da kyau.

Hanya mafi sauƙi ita ce juye abin da ke rumbun zuwa fayil ɗaya na umarni, wanda idan aka karanta wa sabuwar uwar garke za ta sake gina jadawalin ta cika su. Manhajar pg_dump ke yin wannan a PostgreSQL, mysqldump kuma a MySQL. Fayil ɗin yana da sauƙin ɗauka, kuma ana iya zuba shi a sabuwar siga. Sai dai hoto ne na lokaci guda. Idan da ƙarfe 2 na dare ake ɗaukarsa, rumbu kuma ya lalace da ƙarfe 4 na yamma, aikin yinin nan ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce kwafe fayilolin rumbun kamar yadda suke a faifai, sannan a riƙa tura kowace gunduwar kundin sauye-sauye wani wuri da zarar ta cika. Haɗuwar waɗannan biyu ita ke ba da damar komawa kowane lokaci da aka zaɓa, abin da PostgreSQL ta samar tun sigarta ta 8.0 a 2005. A ƙaddara wani sashe yana da rumbun karin magana, sai wani mataimakin bincike ya share jadawalin ma'anoni bisa kuskure da ƙarfe 10:42 na safiyar Laraba. Mai kula da uwar garke zai ɗauko kwafin daren Lahadi, ya umarci manhajar ta maimaita kundin Litinin da Talata da safiyar Laraba, ta tsaya a 10:41. A nan ne kundin rahoto yake biyan kuɗinsa, domin shi zai nuna cewa 10:42 ne, ba 9:15 ba. Sharaɗin dai shi ne kada gunduwa ko ɗaya ta ɓace a tsakani. Sarƙa ce, inda ta tsinke nan maimaitawa take tsayawa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa suke ɗauka ajiya ce alhali ba ita ba ce, wato uwar garke ta biyu mai bin sawun ta farko, tana karɓar kundinta tana maimaitawa nan take. Tana da amfani ƙwarai idan ta farko ta mutu, domin sai a juya akalar aiki zuwa gare ta. Amma biyayyarta ita ce rauninta. Abin da aka share a ta farko, cikin ƙiftawar ido an share shi a ta biyu.

Game da inda za a ajiye kwafi, ƙa'idar da ta shahara ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa ranar 10 ga Maris 2021 ta nuna dalili: wasu abokan cinikin kamfanin sun rasa asali da kwafi tare, domin duka a harabar guda suke.

4.0 Abin da Ya Sami GitLab

GitLab kamfani ne da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu a wurinsa, wato mutanen da suka san wannan fanni ciki da bai. Abin da ya same shi ya zama abin nazari ne saboda kamfanin da kansa ya wallafa cikakken bayanin yadda aka yi, har ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube.

Ranar 31 ga Janairu 2017 nauyi ya yi wa babbar uwar garken kamfanin yawa, har ta biyu ta kasa bin sawunta. Kafin ta biyun ta kamo, ta farko ta riga ta share gunduwoyin kundin da take buƙata, kuma ba a tura su ko'ina ana adanawa ba. Sarƙa ta tsinke ke nan. Mafita ita ce a share ta biyun a sake kwafo komai daga farko. Wani injiniya ya yi ta fama da wannan aiki har dare ya yi nisa, manhajar kwafin tana tsaye kamar ba ta motsi. Da ya sake ba da umarnin share ma'ajin bayanai domin ya fara sabon gwaji, sai ya kasance tagar da ya rubuta umarnin ta babbar uwar garke ce. Ya farga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya tsayar, amma daga kimanin gigabayit 300 abin da ya rage bai wuce 4.5 ba.

Kuskuren hannu irin wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba shi ne darasin ba. Abin dubawa shi ne abin da aka tarar da aka juya ga ajiya. Ta biyu dai an riga an share ta. Juyen pg_dump da ake zaton ana yi kullum ana turawa ma'ajin Amazon S3, da aka buɗe ma'ajin sai aka tarar babu komai. Dalili kuwa shi ne manhajar juyen ta sigar 9.2 ce, rumbun kuma 9.6, don haka kullum takan gaza. Takan aika saƙon imel cewa ta gaza, amma saƙon ba ya isa, domin bai cika sharaɗin wani tsarin tantance saƙonni mai suna DMARC ba, ana mayar da shi tun a hanya. Shiru ya yi ta zuwa, aka ɗauki shirun a matsayin lafiya. Hoton faifai da kamfanin Azure yake iya ɗauka kuwa, an kunna shi ga wasu na'urori amma ban da na rumbun bayanai.

Abin da ya ceci kamfanin bai ma cikin tsarin ajiya. Kimanin sa'a 6 kafin ɓarnar, an ɗauki hoton rumbun da hannu domin a yi wani gwaji a na'urar gwaje-gwaje. Daga nan aka maido. Da yake faya-fayan wannan na'ura masu nawa ne, kwafowa kaɗai ta ci kusan sa'a 18. Abin da aka shigar a waɗancan sa'o'i ya tafi har abada: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin masu rajista kusan 700. Ainihin fayilolin manhajojin jama'a sun tsira saboda a wani wuri daban suke.

Da kamfanin ya tambayi kansa me ya sa ba a taɓa gwada ajiyar ba, amsar da ya bayar ita ce babu wanda aka ɗora wa alhakin. Wannan amsa ta fi duk bayanan fasahar nauyi, kuma ita ce ta fi kusa da halin da sashen jami'a zai iya samun kansa, inda wanda ya kafa rumbun ɗalibi ne da ya gama ya tafi, ko ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, kalmar sirri kuma tana cikin kansa.

5.0 Farfaɗowa da Gwajinta

Tambaya biyu ake fara amsawa kafin a zaɓi kowace hanya, kuma ba injiniya ke amsa su ba, mai bayanan ne. Ta farko: aikin sa'a nawa za a iya jure rasawa? Ta biyu: tsawon wane lokaci za a iya zama babu rumbun? Jerin littattafan da ake ƙara wa abu biyu a mako ya wadatu da juyen dare. Rumbun da ake shigar da sakamakon jarrabawa a makon da hukumar sashe za ta zauna yana buƙatar adana kundi ba yankewa. Hirar da aka ɗauka da makaɗin da ya riga mu gidan gaskiya kuwa ba ta da amsa ga tambayar farko, domin ba za a sake yin ta ba.

Tambaya ta biyu ce aka fi mantawa. A watan Oktoba 2023 wata ƙungiyar masu garkuwa da bayanai mai suna Rhysida ta kai hari Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda yake riƙe da hotunan rubuce-rubucen hannu da dama daga arewacin Nijeriya ƙarƙashin shirinsa na ceto kundayen da ke cikin haɗari. Sai a Janairu 2024 babban jerin littattafansa ya dawo intanet, shi ma na dubawa kawai. Rahoton da ɗakin karatun ya fitar a Maris 2024 ya nuna cewa kwafin tarin nasa yana nan lafiya, abin da ya rasa shi ne na'urorin da zai zuba kwafin a kansu, domin an lalata su, wasu manhajojin kuma sun tsufa har ba a iya sake kafa su. Ga hatsi, babu tukunya. Harin ya kuma nuna dalilin da ya sa ake son kwafi ɗaya ya kasance a yanke daga intanet, inda wanda ya shiga uwar garke ba zai kai gare shi ba.

Gwaji na gaskiya shi ne a ɗauki wata kwamfuta da ba ta taɓa ganin rumbun ba, a ba wani wanda ba shi ya tsara ajiyar ba takardar matakai, a ce ya maido, a kuma duba agogo. A nan ake gano cewa mabuɗin da aka kulle kwafin da shi yana kan na'urar da ake zaton ta ƙone, ko cewa juyen ya ɗauko jadawali amma bai ɗauko sunayen masu izini ba, kamar yadda pg_dump take yi idan ba a haɗa ta da pg_dumpall ba. Haka kuma ya kamata a juya tsarin sanarwa: maimakon jiran saƙon gazawa, a riƙa jiran saƙon nasara kullum, rashin zuwansa ya zama shi ne ƙararrawa.

Rumbun da ke ɗauke da matanin Hausa yana da wani gwaji na ƙari wanda injiniyan da bai san harshen ba ba zai yi tunaninsa ba. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Turai ta yamma da wasu manhajoji suka daɗe suna ɗauka a matsayin na asali. Idan aka juye rumbu ta wannan tsari maimakon UTF-8, kowane ɗayansu yana iya komawa alamar tambaya, kuma manhajar ba lallai ta kawo kuka ba. Adadin layuka zai cika cif, girman fayil ya yi daidai, amma ɓata da ɗata da ƙata sun zama abu guda, rubutun ajami kuwa ya zama jerin alamomi. Haka nan tsarin jeranta kalmomi yana iya sauyawa daga wata na'ura zuwa wata, kamar yadda ya faru da sigar 2.28 ta glibc a 2018, wadda ta tilasta wa masu PostgreSQL da suka ƙaura da fayilolinsu sake gina fihirisan rubutu, in ba haka ba a nemi kalmar da ke cikin rumbu a ce babu ita. Saboda haka takardar gwajin sashen Hausa tana buƙatar layi na musamman: bayan an maido, wani mai jin harshen ya zauna ya nemi kara da ƙara, da bari da ɓari, da dauri da ɗauri, ya tabbatar kowace ta fito daban da ma'anarta, sannan ya buɗe shafi ɗaya na ajami ya karanta shi da wasullansa.